Waiwaye: Tun yaushe aka koma auna takarda aka bar gini?

Duk daminar da ta yaye rufin sabon aji, ko ta cinye kwalbatin da aka buɗe bara, sai muhawara ta kaure a rediyo: wa aka ba kwangilar, nawa ta ci? Maganar ba ta yau ba ce.

Farkonta kowa ya sani. Kuɗin mai na shekarun 1970 ya sa kwangila ta zama sana'ar kowa, har jiragen ruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas a 1975. A 2001 Najeriya ta kafa sashen bin ƙa'ida wajen ba da kwangila, dokar kanta ta biyo baya a 2007. Ghana da Uganda sun yi tasu a 2003, Kenya a 2005.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 2006. A shekarar ne Bankin Duniya da OECD, ƙungiyar ƙasashe masu arziki, tare da ƙasashe masu tasowa, suka fito da sabon fasalin MAPS, ma'aunin ingancin tsarin ba da kwangilar gwamnati a ƙasa, suka kasa shi gida biyu. Kashin farko yana tambaya: akwai doka? Akwai hukumar sa ido? Akwai inda wanda aka zalunta zai kai kuka? Na biyu kuwa aiki yake bi: kwangila nawa aka bayar ta gasa a fili, sau nawa aka makara wajen biyan ɗan kwangila. Na farko ana iya cika shi a zaune cikin ofis. Na biyu sai an tono fayil, kuma a wurare da yawa ba a ma ajiye alƙaluman ba. Sai mai sauƙin ya fi samun shiga. A ganina nan ne aka saki reshe aka kama ganye, ba don mugun nufi ba, sai don abin da ke da sauƙin ƙirgawa shi ake ƙirgawa.

Je ka duba fayil ɗin irin wannan aji. An yi talla a jaridu biyu, takardar haraji tana nan, an zaɓi mafi arha cikin waɗanda suka cika sharaɗi. Ba abin da ya rage. Amma ka murza bulon da yatsa, yashi ne zai zubo, kuma babu gurbin da za a rubuta haka a fom.

Shekara huɗu da yin dokar Najeriya, a 2011, kwamitin da shugaban ƙasa ya kafa ya ƙirga ayyukan tarayya 11,886 da ba a kammala ba. An sabunta MAPS a 2018, an ƙara ba sakamakon aiki nauyi, kuma na yi murna da hakan. Sai dai har yau allon da ake kafawa bakin aiki ya fi nuna sunan kamfani. Ina so in ga an rubuta kuɗin farko da na ƙarshe, ranar alkawari da ranar miƙa makulli, da sunan injiniyan da zai dawo duba ginin bayan damina biyu.