Gubar sitiriknin: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Me gilaisin yake yi a jiki?

Gilaisin wani sinadari ne da ke cikin jiki, aikinsa kamar birki ne. A cikin lakar baya yake hana tsokoki ɗaurewa ba dalili. In aka toshe inda yake kamawa, birki ya tafi.

Wane magani ne ke toshe shi?

Babbansu sitiriknin, daga ƙwayar wata bishiyar Indiya da Larabawa ke kira jauzul muƙayyi. A Faransa aka fara tace shi a 1818. Ana sa shi a gubar ɓera da ta kare. Ba maganin ƙarfin maza ba ne, duk wanda ya sayar maka da ƙwayar a kan haka ya cuce ka.

Farfaɗiya ce ko tetanus?

Mai farfaɗiya hankalinsa kan gushe. Wanda ya sha sitiriknin kuwa idonsa biyu, yana jin komai, bayansa ya lanƙwashe kamar baka, haƙora a datse. Tetanus kwanaki take ɗauka bayan rauni, sitiriknin minti 15 zuwa 30 bayan an sha.

Yaro ya lashi gubar, in ba shi madara ya yi amai?

Haba baba! A'a. Kar a tura masa yatsa a maƙogwaro, kar a ɗura madara ko mai. Taɓawa kaɗai tana tayar da ɗaurewar, kuma amai zai iya sauka a huhu. A kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya, nan take, ko a Makka kake ko a Jidda. Kafin motar ta iso, a kashe fitila, a rufe talabijin, a fitar da masu kuka, a kwantar da shi ta gefe, kar a danne shi. A tafi da fakitin gubar.

A asibiti galibi allurar diyazefam, mai kwantar da ɗaurewar tsoka, ake farawa da ita ta jijiya. Gawayin asibiti, mai tsotse guba a ciki, yana iya amfani cikin awa ta farko, amma sai in numfashi ya tabbata, likita ne zai auna. In ɗaurewar ta ƙi, sai a sassauta tsokoki gaba ɗaya a ɗora shi a na'urar numfashi. Ana kuma bin zafin jiki da ƙoda, don tsokar da ta farfashe tana toshe ƙoda. Babu makari na musamman. Amma ku kwantar da hankali, wanda ya wuce awa 24 yawanci yana tashi.

Tiraneksamik fa, maganin tsayar da jini?

Shi ma yana taɓa inda gilaisin yake kamawa. Da yawansa, ko ga mai ciwon ƙoda, yana kawo jijjiga. Ma'aikatan tiyata, don Allah ku raba kwalbarsa da ta allurar baya, an sha rasa rai saboda musanya su.