Atbash da juya haruffa a Littattafan Ibrananci

Atbash salo ne na musanya haruffa a rubutun Ibrananci na dā. Haruffan 22 ne: ana sauya na farko da na ƙarshe, na biyu da na biyun ƙarshe, har a haɗu a tsakiya. Alef na komawa taw, bet shin, gimel resh, dalet kof, yod mem, kaf kuma lamed. Baƙaƙe kaɗai ake juyawa, domin a lokacin ba a sa wa rubutun wasula.

A littafin Irmiya

A nan misalan da aka fi yarda da su suke. A 25:26 da 51:41 an ambaci "Sheshak", sunan da ba a san wata ƙasa da shi ba. Baƙaƙensa sh-sh-k ne. In an juya sai su ba da b-b-l, wato Babila. A 51:1 akwai "Leb Kamai", l-b-k-m-y (k ɗin nan kof ne, ba kaf ba), wanda ke komawa k-s-d-y-m, Kasdim, wato Kaldiyawa. Wannan ya fi gwaninta, domin juyayyen sunan ma yana da ma'ana: zuciyar masu tayar mini. Mai gwadawa yakan ɓata lissafi idan ya ƙirga shin da sin a matsayin haruffa biyu, alhali ɗaya ne, ko ya rikita kaf da kof.

Fassarar Aramaik ta Targum ta rubuta Babila kai tsaye, Jerome ma, malamin Kirista da ya rasu a shekara ta 420, ya bayyana dabarar a sharhinsa. Tsohuwar fassarar Girkanci ba ta da "Sheshak", shi ya sa wasu masana ke ganin daga baya aka shigar da shi. Cewa tsoron Babila ne ya sa aka sakaya sunan ba ta da ƙarfi, tun da 51:41 ta ambaci Babila ƙarara.

Juyi cikin kalma

Wannan ya fi yawa: ba a musanya haruffa, tsarinsu ake juyawa a cikin kalma. A Farawa 6:8 Nuhu, n-h, ya sami tagomashi, h-n. A 38:7 Er ɗan Yahuza mugu ne, kuma "ra", mugu, sunansa ne a juye. Ishaya 61:3 ta yi alkawarin "pe'er", rawanin ado, maimakon "efer", toka. Duk wannan yakan salwanta a fassara.

Albam

Albam wani salon musanya ne: ana raba haruffan gida biyu, na farkon gida ɗaya ya musanya da na farkon ɗaya gidan, wato alef ya koma lamed, haka har ƙarshe. Ana taƙaddama ko "Tabeyel" na Ishaya 7:6 misalinsa ne.