Ma'anar "Siyasar Raba Ƙafa" a Hulɗar Ƙasa da Ƙasa

Masu sharhi kan diflomasiyya suna cewa ƙasa tana raba ƙafa idan ta ƙulla alaƙa mai ƙarfi da manyan ƙasashe biyu ko fiye waɗanda ba sa ga maciji da juna, ta yadda ko wane ɓangare ya yi rinjaye ba za ta tashi a tutar babu ba. A maganar yau da kullum kalmar zargi ce, amma a fagen manufofin ƙetare dabara ce da ƙasashe masu matsakaicin ƙarfi ke bi da gangan, musamman a yankunan da tsohon tsari ya fara rauni, sabo kuma bai kafu ba.

Sau da yawa ana cakuɗa ta da manufar 'yan ba-ruwanmu, wadda ta samo asali daga taron Bandung na 1955, aka kuma kafa ƙungiyarta a Belgrade a 1961. Ɗan ba-ruwanmu na wancan lokaci ƙin shiga ƙawancen sojan Amurka ko na Tarayyar Sobiyat ya yi, mai raba ƙafa kuwa kowace ƙofa shiga yake yi. Indiya tana zama da Amurka da Japan da Ostareliya a ƙawancen Quad, tana kuma zama da Rasha da Sin a ƙungiyar BRICS, ba tare da ta ga wani saɓani a ciki ba.

Abin da ya sa dabarar ta yaɗu shi ne tsaro da ciniki sun daina fitowa daga hannu ɗaya. Saudiyya, alal misali, ta daɗe tana dogaro da Amurka wajen tsaro, amma Sin ce babbar mai sayen man fetur ɗinta, kuma a Beijing ne ta sasanta da Iran a watan Maris na 2023.

Turkiyya ce ta fi nuna ribar abin da kuma tsadarsa. Tana cikin ƙungiyar NATO tun 1952, amma ta sayi na'urorin kakkaɓo makamai masu linzami samfurin S-400 daga Rasha, lamarin da ya sa Amurka ta cire ta daga shirin ƙera jiragen yaƙi na F-35 a 2019. Da yaƙi ya ɓarke a Yukren a 2022, Turkiyya ta ƙi shiga takunkumin da ƙasashen Yamma suka ƙaƙaba wa Rasha, alhali jiragenta marasa matuƙa na Bayraktar suna hannun sojojin Yukren. Wannan tsayuwa ta tsakiya ce ta ba ta damar jagorantar yarjejeniyar fitar da hatsi ta Bahar Aswad tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Yuli na 2022.

A ganina, kuskure ne a kira duk wani sauyin abokai da wannan suna. Lokacin da Mali da Burkina Faso da Nijar suka sallami sojojin Faransa suka karkata ga Rasha, sannan suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, sauya sheƙa suka yi, ba raba ƙafa ba, domin sun rufe ƙofa ɗaya suka buɗe wata. Raba ƙafa tana buƙatar ƙasa ta mallaki abin da kowane ɓangare ke jin tsoron rasawa, kamar mashigin ruwa na Bosforus, ƙofar shiga Bahar Aswad da ke hannun Turkiyya, ko kasuwar Indiya mai mutum sama da biliyan 1.4. Ko Indiyar ma ba ta tsira ba, domin a watan Agustan 2025 Amurka ta ɗaga harajin kayayyakinta zuwa kashi 50 cikin ɗari, tana mai kafa hujja da man da take saye daga Rasha.