Tambayoyin da ake ta maimaita mini kan talaucin Afirka

Duk sa'ad da aka tayar da maganar tattalin arzikin Afirka, tambayoyin nan ne dai suke dawowa. Ga amsoshinsu a wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Turawan mulkin mallaka ne suka jawo mana talauci?

Su suka aza harsashinsa. Dubi layin dogo kawai: na Legas zuwa Kano, na Dakar zuwa Bamako, na Mombasa zuwa Kampala. Kowanne bakin teku ya nufa, domin a kwashi gyaɗa da auduga da ma'adinai a loda a jirgin ruwa. Kwango kuwa, ranar da Beljiyam ta ba ta 'yanci a 1960, 'yan ƙasar da suka gama jami'a ba su kai 30 ba.

To ai an haura shekara sittin. Har yanzu Bature?

A'a. Mobutu na Kwango ya yi shekara 32 yana wawure dukiyar ƙasarsa, daga 1965 zuwa 1997, Turawan Yamma na dafa masa, amma hannunsa ne a cikin baitulmali. Kuɗin Abacha shekara da shekaru ana dawo da su daga Suwizalan. Mai son a ce masa laifin ɓangare ɗaya ne, hutu yake nema.

Ba lalaci ne ya yi mana yawa ba?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai. Manomin da ke duƙe da fartanya tun asuba har rana ta take, shi ne malalaci? Wahalarsa ce ba ta da daraja a kasuwa. A daina faɗin haka.

Me zai hana mu daina sayar da ɗanyen kaya, mu sarrafa abinmu a gida?

Yauwa, wannan ita ce tambaya, kuma a bi ta a hankali, domin amsarta ta danganta da irin kayan da kuma ƙasar.

Kwaddibuwa da Gana suna noma fiye da rabin kokon duniya. Kwaddibuwa ma tana niƙa kaso mai yawa a Abijan da San Pedro, sai dai manyan injinan na kamfanonin waje ne, ribar gaske kuma tana wajen cakulan da sunan da aka buga a jikin kwali. Ka ga sarrafawa hawa-hawa ce, ana iya taka matakin farko a tsaya nan.

Sai maganar wuta. Masaƙar farko ta Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, dubban mutane na fita aikin dare da na safe. Yau yawancinsu a rufe suke, ciyawa ta cinye harabar. Ba auduga aka rasa ba, ba kuma ma'aikata ba. Lantarki ya gagara, tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya naira har kayan gyaran inji suka fi ƙarfin masu masana'anta, ga atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa da araha. Mai inji a kan janareta ba zai ja da mai wuta dare da rana ba.

Wasu suna cewa a kafa doka kawai a hana fitar da ɗanye. Tana iya yin aiki. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, masu jari kuma suka zo suka gina matatu, amma fa ita ce ta fi kowa wannan ma'adinin, mai saye ba shi da wurin gudu. Zimbabuwe ta gwada haka da ɗanyen litiyam a 2022. Idan kuwa amfanin gona ne, kuma masana'antar da za ta saya ba ta tsaya da ƙafarta ba, farashi ne zai faɗi a hannun manomi, shi zai biya kuɗin dokar. Haka hukumomin sayen amfanin gona suka riƙa tatsar manoma tun zamanin Turawa.

Ga kuma ƙanƙantar kasuwa. Ƙasa kamar Gambiya ba za ta shanye kayan babbar masana'anta ita kaɗai ba. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka ta fara aiki a Janairun 2021, amma direban tirela har yanzu yana tsayawa a shinge bayan shinge yana miƙa na goro. A ganina a fara da abin da mu ne masu cinsa, kamar shinkafa, man girki, siminti da takin zamani, kafin a yi zancen narka tagulla. Ko shi ma sai da wuta da hanya.

A yafe mana bashi mana?

An taɓa yi. A 2005 ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe wa Najeriya kimanin dala biliyan 18. Je ka duba bashin da ke kanta yau. Zambiya ta kasa biya a 2020, Gana a 2022. A fara tambayar me aka yi da wanda aka ciyo.

Akwai ma ƙasar da ta fita daga talaucin kuwa?

Kwantar da hankalinka, akwai. Botswana ta sami 'yanci a 1966 tana cikin mafi talauci a duniya. Da aka gano lu'ulu'u, ta shiga haɗin gwiwa da kamfanin lu'ulu'u na De Beers har ta kai ga riƙe rabin kamfanin haƙar, kuɗin kuma ya tafi makarantu da asibitoci da tituna. Matsalarta yanzu ita ce ta dogara da dutse ɗaya, ga shi kasuwarsa ta yi sanyi.