Kamfot zon: zagi ne ko shawara?

Kwanan nan duk mitin ɗin da aka yi a ofis sai oga ya ce mana "ku fito daga kamfot zon". Ranar Alhamis muna cikin trotro, wato motar haya, daga Sakul zuwa Nima a Accra, wata ƙanwata da ta fara aiki da mu bayan ta gama nashinal sabis ta ce, Yaya don Allah wannan kalmar zagi ce ko shawara?

Asalinta ma ba ta ofis ba ce. Masu harkar sanyaya ɗaki da ɗumama shi ne ke faɗinta, wato yanayin da jiki ba ya jin zafi ba ya jin sanyi. Daga baya aka ɗora ta kan halin mutum, inda ka saba, ba fargaba ba gumi, komai kana yi ko da ido rufe.

To mu masu nemo wa kamfanoni ma'aikata ga yadda take kama mu. Kwastoma ya kira yana son direba biyu da akanta ɗaya, kai kuma ka ciro waya ka faɗa gurup ɗin WhatsApp ɗin nan dai na 'yan Mamobi da Sabon Zango, ka kira waɗanda ka kira bara, ka tura sibi, wato takardar bayanin mai neman aiki, wadda ka tura wata uku da suka wuce, har ka san wanda zai ce "ina hanya" alhali yana kan katifa. Aiki kake yi fa, ba mai ce maka malalaci, amma rijiya ɗaya kake ta ja kuma ruwan sai ƙasa yake yi. Ran da aka ce ana neman mai haɗa manhaja, ko wanda ya iya Faransanci saboda kwastoma daga Lome, sai gabanka ya faɗi ka ce wannan ba layina ba ne, LinkedIn ɗinka kuwa, shafin nan na neman aiki da ma'aikata a intanet, tun da ka buɗe ko hoto ba ka sa ba. Sabo turken wawa. Kamasho na ta raguwa kana ɗora wa kasuwa laifi.

Amma akwai rabin maganar da ogogi ba sa son faɗa. A 1908 wasu masana biyu a Amurka, Yerkes da Dodson, sun gwada ɓeraye, suna koya musu bambance farin akwati da baƙi, wanda ya kuskure a ɗan ja shi da lantarki. Ɗan matsi ya sa sun koya da sauri, amma da aikin ya yi wuya aka kuma ƙara ƙarfin wutar sai koyon ya lalace. Ni dai na ga irin wannan da idona, a ninka wa yaro taget rana ɗaya, sai ya fara tura kowa da kowa intabiyu ba tantancewa, kwastoma ya gaji ya daina ɗaga waya. Kuma fita daga kamfot zon ba fita daga doka ba ce, dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ce kamfanin samar wa mutane aiki sai da lasisi.

Na ce mata gobe kafin ki taɓa gurup ɗinki, kira kamfani ɗaya da ba ki taɓa kira ba, ɗaya tak. Ta ce in suka kashe mini waya fa? Na ce za su kashe, ni sau uku aka kashe mini a satin nan. Sai yaron mota ya buga ƙofa, mun iso Nima.