Hayar vila a rukunin gidaje mai katanga a Yamai: tambayoyi da amsoshi

Ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki daga Maradi, Damagaram ko Tawa, da ƴan uwanmu masu dawowa daga ƙetare, kusan tambaya ɗaya suke yi idan sun iso Yamai da iyali: shin a kama vila a cikin rukunin gidajen nan masu katanga ɗaya da ƙofa ɗaya, waɗanda ake kira site, ko a nemi gida a cikin unguwa kamar kowa? Ga abin da nake faɗa musu.

Duk inda aka ce site, wurin a killace yake?

A'a. Site Kes da Site Faisal sunansu site, amma unguwanni ne da kowa ke ratsawa, da mai taksi da mai tallan kankana. Gidajen Farankofoni, da aka gina don baƙin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci na 2005, yau sunan unguwa ne. Abin da muke magana a kai daban yake: gidaje goma, ashirin ko fiye, an zagaye su da katanga, akwai masu gadi a ƙofa dare da rana, ba a shiga sai an faɗi wurin wanda aka zo. Saboda haka idan dillali ya ce maka "a site yake", ka tambaye shi ko da katanga da mai gadi, don kalmar kaɗai tana ƙara wa haya tsada.

Nawa zan tanada kafin a ba ni makulli?

Kuɗin wata ya danganta da unguwa. Filato, Kwara Kano da gefen Gudel, inda ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin waje suka fi yawa, ba ɗaya suke da bakin gari ba. Amma abin da ke karya mutum shi ne kuɗin shiga. A ce, don misali kawai, haya jikka 400 ce a wata. Mai gida ya nemi abansin wata 3 da kosiyon wata 2, dillali kuma ya ce la'adarsa kuɗin wata guda ne. Ka ga sefa miliyan 2 da jikka 400 sun fita, ba ka sayi ko labule ba.

Kada ka ji kunyar yin tayi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojojin Faransa sun fice a Disamban shekarar, na Amurka a Satumban 2024, baƙi da dama masu kama manyan gidaje ba tare da neman ragi ba sun tafi. Mai vilar da ta yi watanni a rufe yana biyan mai gadi da mai ban ruwan fulawa daga aljihunsa, ya fi ka son a daidaita.

Mene ne bambancin abansi da kosiyo?

Abansi kuɗin hayar watanni masu zuwa ne, za ka zauna ka cinye abinka. Kosiyo ajiya ce, kuɗinka ne a hannun mai gida, wanda zai cire kuɗin gyaran abin da ka ɓata ya maido maka da saura ranar tashi. Rigimar haya mafi yawa a nan take tashi. Wani ɗan uwana ya bar gida bayan shekara biyu, aka lissafa masa fenti, da tayil ɗin da ya tarar a fashe, da famfon da bai taɓa kawo ruwa ba tun shigarsa, har aka ce shi za a biyo ciko. Ba shi da abin nunawa sai rantsuwa.

Maganin abin, tun ran gini ran zane. Ranar karɓar makulli ku zaga ɗaki-ɗaki da mai gida ko wakilinsa, a rubuta halin kowace ƙofa, taga, makewayi da na'urar sanyaya ɗaki, ka ɗauki hotuna da wayarka, ku sa hannu ku biyu, kowa ya riƙe tasa takardar. Idan gidan babba ne kuma kosiyon da nauyi, kiran wisiye, wato ma'aikacin shari'a, ya rubuta wannan shaida bai kai asarar da yake karewa ba.

Ban da haya, akwai wani kuɗin wata-wata?

Akwai, kuma shi ne dillali ke mantawa da gangan. Albashin masu gadi, fitilun hanya, kwasar shara, sharar harabar gaba ɗaya, wani wurin har da man babban injin wuta, duk a kan mazauna ake raba su. Tambayi nawa ne, wa ke karɓa, wa ke iya ƙara shi, kuma idan rabin gidajen babu kowa, ko ku da ke ciki ne za ku ɗauki rabonsu. A rubuta amsar a cikin kontira.

To wuta da ruwa fa? Ai na ji an ce a site ba a ɗauke su.

Wanda ya faɗa maka bai yi bazara a Yamai ba. Katanga ba ta hana kamfanin wuta NIGELEC yanke wuta. Kafin juyin mulkin 2023, kaso mafi girma na wutar ƙasar nan daga Najeriya yake zuwa, kuma kowa ya gani da idonsa a Agustan 2023, lokacin da aka datse layin bayan juyin mulki, gari ya koma rabon wuta unguwa-unguwa. Tashar wuta ta Goru Banda, da ta hasken rana da aka ƙara a can, sun rage zafin abin, amma a Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 kowa ya kunna na'ura, yankewa ba ta fasa ba. Vila ta siminti da manyan gilasai, idan wuta ta tafi da tsakar rana, tanda ce. Gidan ƙasar kakanninmu ya fi ta mutunci.

Saboda haka tambayi ko akwai injin wuta na gamayya ko kowa da nasa, nawa yake iya ɗauka, kuma ko an yarda ka ɗora fanon hasken rana a kan rufi. Ka duba ko kwantar wutar ta gidanka ce kai kaɗai, ko irin ta kati ce da ake sa wa kuɗi tun gaba. Idan ta takardar wata ce, ka ga rasit na ƙarshe da idonka, kada ka gaji bashin wanda ya tashi.

Ruwa ma haka. Kamfanin ruwa na NDE ne ya gaji tsohon kamfanin SEEN a 2024, amma a unguwannin bakin gari har yanzu akan wayi gari famfo na huci ba ruwa, musamman da bazara. Buɗe famfon bene na sama da rana tsaka, ba da sassafe ba. Duba ko akwai tanki, da injin tura ruwa, da rijiyar burtsatse, ka kuma san wanda zai biya idan injin ya ƙone.

Yaushe ya fi kyau a je ganin gida?

Da damina, in da hali a Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Gani ya kori ji. A ranar ne za ka san rufin da ke yoyo, da harabar da ruwa ke kwanciya, da ko jar ƙasar da ta haɗa ƙofar site da gudron tana biyuwa da ƙaramar mota. Waɗanda suka ga 2020, da kogin Kwara ya fasa madatsai ya shiga Lamorde, Kirkisoy da Saga, ba sa wasa da wannan. Idan da rani ka je, dubi gindin bango: sabon fenti da ya tsaya daidai gwiwa yana da labari. Mai gadi da mai shagon bakin ƙofa sun fi dillali faɗin gaskiya.

Iyalina da yawa, baƙi ba sa yanke mana. Zaman zai yiwu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace, kuma ita ake bari ƙarshe. Gidan Bahaushe ƙofarsa a buɗe take: ƙanin maigida ya zo jarrabawa, gwaggo ta zo ganin likita a babban asibiti ta yi wata guda, almajiri na zuwa karɓar saura, maƙwabta na shigowa barka ba tare da sanarwa ba. Site kuwa an gina shi ne a kan rufe ƙofa. Ranar da mai gadi ya tsayar da kawunka a rana yana neman katin shaida, har sai an kira ka a waya, labarin zai riga ka isa ƙauye, kuma ba mai gadin za a zaga ba.

Yawancin irin wuraren nan suna da takardar dokokin zama. Nemi a ba ka ita kafin ka biya, ka karanta da uwargida. An yarda a kafa rumfa a hanya ranar suna ko ɗaurin aure? Zaman makoki na kwana uku fa? Za a bar ka ka ɗaure ragon layya mako guda, ka hura wuta ka banƙare shi kamar yadda duk Yamai ke yi ranar babbar salla? Akwai masallaci a ciki ko kusa? Sannan ka ɗaga kai ka duba ko benen maƙwabci yana leƙen tsakar gidanka, don wasu gidajen an zana su ne ba tare da tunanin matan da ke zama a tsakar gida ba. Ni dai a ganina, mai mata biyu da ƴaƴa goma da baƙi kullum ya fi samun sakewa a babban gida cikin unguwa, da mai gadinsa na kansa. Site ya fi dacewa da ƙaramin iyali, ko wanda aiki ke yawan kai shi Agadas ko Difa yana barin yara a gida.

Tsaron da ake biya, na gaske ne?

Yana rage ƴan sane da ɓarayin tsallake katanga, yara kuma su yi keke ba fargabar mota. Amma ka koma da dare ba tare da ka sanar ba, ka ga ko mutum nawa ne a ƙofa, ko idonsu biyu, ko sun tambaye ka wani abu.

Da wa zan sa hannu?

Da mai gida, ko wakilin da ya nuna takardar wakilci. Dillali hanya ce kawai, kuma kada a yi cinikin biri a sama: hoton WhatsApp ba gida ba ne, ba a tura abansi a kansa. Kontirar ta faɗi tsawon haya, lokacin da za a iya ƙara kuɗi, wanda ke gyaran rufi da kwasar masai, da watannin sanarwa kafin tashi daga kowane ɓangare. Idan ofis za ka buɗe a vilar, ka faɗa tun farko, don hayar sana'a tana ƙarƙashin dokokin kasuwanci na OHADA da wasu ƙasashen Afirka suka haɗu a kai, wasu sitocin ma ba sa yarda da ita sam. Duk kuɗin da ka biya, ko na shara ne, a ba ka rasit mai kwanan wata da sa hannu.