Ajin tushe na saitunan fulogin

Ajin tushe na saitunan fulogin wani aji ne, wato zubin kod, da ake rubutawa sau ɗaya a cikin babbar manhaja, ya ƙunshi dokokin karanta saituna, tantance su da adana su, sa'annan kowane fulogin ya gaje shi ya ƙara nasa. Fulogin ƙaramar manhaja ce da ake jonawa a jikin babba domin ta ƙara mata wani aiki, ba tare da an taɓa kod ɗin babbar ba. Saituna kuwa su ne zaɓin da aka bar wa mai amfani, kamar adireshin uwar garke, yawan daƙiƙun da za a jira amsa, ko kunna wani aiki da kashe shi.

Asali

Aji da gado sun shigo rubutun manhaja ne ta yaren Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙira a ƙasar Norwe. Aji tamkar zubi ne da ke fayyace bayanan da abu zai riƙe da ayyukan da zai iya yi, gado kuma shi ne sabon aji ya ɗauki duk abin da tsohon yake da shi, ya ƙara ko ya sauya. A 1988 Bertrand Meyer ya gabatar da ƙa'idar cewa kamata ya yi aji ya karɓi ƙari ba tare da an riƙa gyara cikinsa ba. Wannan ita ce ainihin buƙatar manhajar da ke karɓar fulogin, domin masu rubuta fulogin mutane ne na waje, galibi ba su san juna ba. Idan aka bar kowa ya ƙirƙiro hanyarsa ta ajiye saiti, wani zai yi da fayil mai tsarin JSON, wani da mai tsarin INI, wani ya binne nasa a cikin kod, mai amfani ya rasa inda zai dosa.

Abin da ajin yake ɗauka

Abu na farko shi ne suna. Ajin yana tilasta wa kowane fulogin ya mallaki sunan da zai gabaci sunayen saitunansa, don kada fulogin biyu su yi karo a kan kalma ɗaya. Bayan haka sai bayanin kowane saiti: irinsa, wato lamba ce ko rubutu ko eh da a'a, iyakarsa, da ƙimar asali da za a ɗauka idan mai amfani bai ce komai ba.

Ƙimar asali ta fi yadda ake zato wuyar sha'ani. Akwai bambanci tsakanin saitin da mutum bai taɓa ba da wanda ya zaɓa da kansa, ko da ƙimarsu ta zo ɗaya. Ajin da ke zuba dukan ƙimomin asali a cikin fayil ya shafe wannan bambanci, kuma ranar da mai fulogin ya gano cewa jiran daƙiƙa 30 ya yi kaɗan ya mai da shi 60, gyaran ba zai kai ga tsofaffin masu amfani ba, tun da fayil ɗinsu ya riga ya ce 30. Shi ya sa Visual Studio Code, manhajar rubuta kod, yake rubuta abin da mutum ya canza kawai a fayil ɗin settings.json. A yaren Python akwai wani tarko na daban: idan aka sa jeri a matsayin ƙimar asali a jikin aji, duk abubuwan da aka ƙera daga ajin za su yi tarayya a jeri guda, abin da ɗaya ya zuba sai ya bayyana a wurin sauran. Tsarin dataclasses da ya zo da Python 3.7 a 2018 yana ƙin karɓar irin wannan ƙima kai tsaye, sai an ba shi aikin da zai ƙera sabon jeri kowane lokaci.

Saiti ɗaya kan iya fitowa daga wurare da dama, don haka dole ajin ya yanke wanda zai rinjayi wani. Abin da aka saba shi ne ƙimar asali a ƙasa, sai fayil, sai masu canji na muhallin tsarin aiki, wato ƙimomin da ake ajiyewa a tsarin aikin kwamfuta don manhajoji su karanta, sai abin da aka rubuta a layin umarni a sama da kowa. Ajin tushe yakan riƙe jerin matakan a hannunsa: ya karanta, ya cike gurabe, ya tantance, sa'annan ya kira wani aiki da ya bar wa fulogin don ƙarin bincike na kansa. Gara kuskure ya fito tun a lokacin lodawa, da saƙon da ya ambaci sunan fulogin, sunan saitin da abin da ake so, da a ce ya ɓoye har sai aiki ya yi nisa.

Kalmomin sirri da makullan shiga suna buƙatar nasu nau'in, wanda ba zai bayyana a rajistar ayyuka ko a saƙon kuskure ba. Lambar siga ma tana da amfani, domin fulogin ya iya juya tsohon fayil zuwa sabon tsari idan ya sauya sunan wani saiti.

Raunin gado

Babbar matsalar wannan tsari ita ce wadda masana ke kira raunin ajin tushe. Da zarar an saki ajin, ɗaruruwan fulogin suna iya dogara da shi, har da halayensa da marubucin bai yi niyyar alkawartawa ba. Ƙaramin gyara, kamar sauya wanda ake fara kira tsakanin ayyuka biyu, ko ƙara sabon aiki mai sunan da wani fulogin ya riga ya yi amfani da shi, yana iya karya kod ɗin da marubucin ajin bai taɓa gani ba. Daga ɓangaren magada kuma akwai ƙa'idar da Barbara Liskov ta gabatar a 1987: duk inda ajin tushe zai yi aiki, dole magajinsa ya iya tsayawa a wurin ba tare da ya saɓa alkawari ba. Fulogin da ya sake rubuta aikin adanawa ya sa shi ba ya adana komai ya karya wannan ƙa'ida, ko da kod ɗinsa ya wuce ba kuskure.

Saboda haka ajin da ya fi daɗewa yana aiki shi ne ƙarami, wanda ya bayyana ƴan ayyukan da aka yarda a sauya ya kulle sauran. Jarabar da ke kama marubuta ita ce cusa masa zanen allon saituna, fassara da haɗin intanet, har ya zama kowane fulogin yana ɗauke da kayan da ba ya buƙata. Waɗannan sun fi dacewa da a ware su a ajujuwa na daban da za a miƙa wa mai so. Yarukan rubuta manhaja su ma sun kawo sauƙi: Python yana da kayan aikin abc tun 2008 don tilasta wa magaji rubuta wasu ayyuka, Java 8 kuma a 2014 ta ba da damar ƙara aikin da aka riga aka rubuta kod ɗinsa a cikin yarjejeniyar aji, wato jerin ayyukan da aji ya yi alkawarin samarwa, ba tare da karya waɗanda suka riga suka bi ta ba.

A manyan manhajoji

Jenkins ya bi hanyar gado sosai, inda fulogin ke gadon ajin GlobalConfiguration, saitunansa su tafi fayil ɗin XML. Dandalin IntelliJ yana amfani da yarjejeniyar PersistentStateComponent, fulogin ya miƙa halin da yake ciki, dandalin ya adana. WordPress, wanda ya fara karɓar fulogin a 2004, bai yi aji ba: ayyuka ya tanada na rajistar saiti, ƙimomin su zauna a teburin zaɓuɓɓuka na rumbun bayanai. Visual Studio Code ma ya kauce wa gado, mai fulogin yana bayyana saitunansa ne a fayil ɗin package.json, manhajar ta karanta ta zana allon saituna da kanta tun kafin a tayar da fulogin ɗin.